Manomin Citta da Kiɗan Makoki

A wani ƙauye da ke gindin duwatsu an yi wani mutum, manomin citta, ana ce da shi Malam Habila. Mutum ne mai fara'a da son jama'a. In ya shigo taro, kafin ya sami wurin zama an fara dariya. Ba a yin biki a garin sai da shi, ba a kuma taɓa jin ya ɗaga murya ga kowa ba. Abu ɗaya ne ba ya iya jurewa, wato hawaye. In aka yi rasuwa yakan je gaisuwa kamar kowa, ya durƙusa a bakin ƙofa ya ce, "Sannunku, a yi haƙuri, Allah ya san abin da yake yi." Kafin a kawo masa ruwan sha ya riga ya zura takalmansa. Mutane sun san shi da haka, ba su kuma ɗauka da zafi ba, gama hannunsa a buɗe yake, shi ne kuma yakan fara aiko da itace da hatsi gidan makoki.

Yana da ƙanwa guda, uwa ɗaya uba ɗaya, sunanta Afiniki. Mijinta ya rasu tun 'yarsu Kezaiya tana goye. Habila ne ya dawo da su kusa da shi, ya yanka wa Afiniki gona a gefen tasa, ya gina mata ɗaki ba nisa da majami'a. Kezaiya ta girma a gabansa, tana kiransa Kawu, ta zama budurwa mai zaƙin murya a cikin mawaƙan ikilisiya.

A majami'ar nan akwai wani tsohon piyano na katako, wanda ya girmi yawancin masu zuwa sujada. Wata dattijuwa ce take kaɗa shi, Mama Damaris, matar wani fasto da ya daɗe da rasuwa. Da tsufa ya kama ta, sanyin ƙashi ya shiga yatsunta har suka fara lanƙwashewa. Ran nan bayan sujada ta miƙe ta ce wa jama'a ƙarfinta ya kusa ƙarewa, tana neman wanda zai koya tun tana iya koyarwa. Ba wanda ya fito. Samari sun fi son ganga, wasunsu kuma hankalinsu yana birni. Sai Malam Habila ya ɗaga hannu. Aka fashe da dariya, ana tsammani wasansa ne da ya saba, domin yatsunsa kauri gare su da ƙulli-ƙulli, kamar cittar da yake haƙa. Amma shi da gaske yake.

Suka fara, da la'asar, in ya taso daga gona. Yakan wanke hannu a bakin rijiya, ya shafa man gyaɗa don kada kaushi ya karce maɓallan, sa'an nan ya zauna a kan benci kusa da tsohuwar kamar ɗan makaranta. Ta nuna masa fararen maɓallai, ta faɗa masa sunayensu, do, re, mi, har zuwa ƙarshe. Ta ce ba guda ɗaya ake dannawa ba in ana raka waƙa. Uku ake haɗawa a danna tare, da babban yatsa da na tsakiya da ƙarami, haɗin nan kuwa shi ake kira kod. Ta koya masa na do, da na fa, da na so.

"Waɗannan su ake kira mejo," in ji ta. "Ka ji yadda suke da haske?"

Ya danna, ya sāke dannawa, fuskarsa ta cika da murmushi. Sautin ya yi daidai da halinsa. Ya riƙa maimaita su a kan gwiwarsa, a kan ƙotar fartanya, har a kan gefen akushin tuwo, matarsa tana yi masa dariya. Kafin damina ta yi nisa, ya iya raka waƙoƙin yabo da na godiya. Ta koya wa hannunsa na hagu wani bugu mai tsalle-tsalle, wanda in ya sa shi ko tsofaffi sai sun motsa kafaɗa. Ranar da ya fara kaɗawa a sujada, waɗanda suka yi masa dariya su ne suka fara zuwa yi masa barka.

Ana nan, wata la'asar Mama Damaris ta ce masa, "Malam Habila, yau za mu shiga wani sabon abu. Ɗora hannunka a kan do yadda ka saba."

Ya ɗora.

"To, babban yatsa da ƙarami su tsaya inda suke. Na tsakiyan ne kaɗai zai matsa hagu kaɗan, ya hau baƙin maɓallin da ke kusa da shi."

Ta kama yatsan da hannunta ta ɗora masa, suka danna tare. Sautin da ya fito ya cika majami'ar da babu kowa sai wasu mata biyu masu shara. Ba shi da muni, amma ya yi nauyi, ya sauka a ƙirjin Habila kamar an yi sallama da mugun labari. Ya janye hannunsa.

"Mama, wannan kuma mene ne?"

"Sunansa maina."

Habila ya yi dariya don ya kore abin da ya ji. "Wannan Maina ɗan sarkin wane gari ne, da ya shigo mana fuska a murtuke haka?"

Tsohuwar ta yi murmushi, amma ba ta bar zancen ba. Ta ce kowane ɗaya daga cikin ukun da ya iya yana da ɗan'uwansa na maina, hanyar kuma ɗaya ce. Ta ce da su ake raka waƙoƙin tuba, da na roƙo, da na jana'iza. Ta sa shi ya gwada shi kaɗai. Baƙin maɓalli siriri ne, ya kuma fi fararen tudu. Yatsan Habila ya hau ya zame, ya danna biyu a haɗe, aka ji wata ƙara kamar an taka jelar kyanwa. Matan nan masu shara suka tuntsure da dariya. Ya sāke gwadawa, ya sāke zamewa.

Habila ya saba da sa mutane dariya, amma bai saba a yi masa don ya kasa ba. Kunnuwansa suka yi zafi. Ya rufe murfin piyanon a hankali.

"Mama, gidan Allah gidan murna ne. Mutane suna da isasshen baƙin ciki a gidajensu. In sun zo nan, bari in ba su abin da zai ɗaga musu rai."

"Gidan murna ne," in ji ta. "Nan kuma ake kawo gawa, ɗana."

"Ai kina nan."

"Yau ina nan."

"To, bari in cire citta. In na huta sai mu koma kansa."

Aka cire citta. Sai ya zama ana tsagawa ana shanya. Da aka gama shanya sai kaiwa kasuwa, da aka dawo daga kasuwa sai sharar gona. Duk lokacin da tsohuwar ta tuna masa, yana da amsa mai daɗi da zai ba ta, har ta yi dariya ta ƙyale shi. A zuciyarsa kuwa ya san ba aikin gona ne ya hana shi ba. Ba ya son jin sautin nan ne, ba ya kuma son a sāke ganin ya kasa.

A cikin shekarar nan aka yi auren Kezaiya da wani saurayi makaniken babura daga ƙauyen da ke gaba. Ba a taɓa jin piyanon nan ya yi murya irin ta ranar ba. Habila ya zauna da babbar riga, gumi yana zuba, yana zagaya kod ɗinsa uku, hannun hagu yana tsalle. Amarya ta shigo da rawa, mata suna guɗa, Afiniki tana biye da ita tana share hawayen murna. Da aka tashi, Kezaiya ta zo ta durƙusa a gabansa ta ce, "Kawu, ka fid da ni kunya." Habila ya koma gida yana ganin ba abin da ya rage masa ya koya.

Bayan wannan ƙafafun Mama Damaris su ma suka ƙi. Ta daina zuwa majami'a, ta zauna a gidanta a ƙarshen gari. Ta aiko masa saƙo cewa in ya samo wanda zai ɗauko ta, za ta zo su ƙarasa abin da suka fara. Ya aika mata da zuma da gaisuwa, ya ce yana nan tafe.

Da shekara ta kewayo, Kezaiya ta dawo gidan uwarta don haihuwar fari, bisa ga al'ada. Tsakiyar damina ce. Naƙuda ta zo da gardama, ungozoma ta yi iya ƙoƙarinta ta ce a kai ta asibiti. Rafin da ke tsakaninsu da babbar hanya ya cika ya batse, mota ba ta iya haye shi. Aka ɗauke ta a kan gadon kara aka haye da ita da ƙyar. Kafin a kai bakin titi rai ya yi halinsa. Ita da abin da ke cikinta, ba wanda ya tsira.

Washegari da safe Habila ya tafi ɗakin ƙanwarsa. Mata sun cika tsakar gida. Ya durƙusa a bakin ƙofa, ya buɗe baki zai faɗi kalmomin da ya saba, sai Afiniki ta miƙo hannu ta kama bakin rigarsa. Idanunta sun bushe, muryarta ta dushe.

"Yaya, abu ɗaya nake roƙonka. Waƙar nan da Kezaiya take rerawa in tana tankaɗe, mai roƙon Ubangiji kada ya bar matafiyi shi kaɗai a hanya. 'Yan zumuntar mata za su rera. Kai nake so ka kaɗa mata. Kai ka shigo da ita majami'a tana amarya, kai za ka fitar da ita."

Habila ya san waƙar. Mai sanyi ce, a hankali ake jan ta, ya kuma san sarai cewa da maina ake raka ta, gama Mama Damaris ta taɓa ambata masa ita. Da ya ce, "Afiniki, ban iya ba," da ba wanda zai ga laifinsa. Mata za su rera da bakinsu, kamar yadda kakanninsu suka yi tun ba a san piyano ba. Amma ya dubi idanunta da matan da suke kallonsa, sai ya ji bakinsa ya ce, "An gama."

Ya yi tunanin ya ruga gidan tsohuwar, amma ga haƙar kabari, ga baƙi suna ta isowa, ga surukai da za a tarba. Ya ce wa kansa ai waƙa waƙa ce, in ya danna a hankali ba wanda zai gane.

Aka shigo da akwatin gawa aka ajiye a gaban bagade. Majami'a ta cika har waje. Bayan addu'a, shugabar zumuntar mata ta ɗaga waƙar, sauran suka amsa da murya ƙasa-ƙasa. Habila ya ɗora hannu a kan do, ya danna. Nan take ya ji abin bai zauna ba. Muryoyin matan suna gangarawa ƙasa, sautinsa yana hawa sama da haske. Ya koma fa, ya koma so, duk ɗaya. Wasu daga cikin matan suka bi piyano, wasu suka tsaya a kan waƙar, muryoyi suka rabu biyu. Tsoro ya kama shi. Da tsoron ya kama shi, hannunsa na hagu ya koma ga abin da ya sani shi kaɗai, bugun nan mai tsalle-tsalle. Waƙar ta fara sauri. Can a waje, inda ba a ganin akwatin, wasu da suka ji bugun suka fara tafi bisa ga sabo, kafin a tsawata musu.

Sai Afiniki ta miƙe daga benci na gaba. Ba ta ɗaga murya ba, amma kowa ya ji ta.

"Yaya, ya isa haka."

Hannunsa ya tsaya.

"Kiɗan aurenta kake yi mini a kan gawarta."

Ta koma ta zauna. A nan ne kukan da ta riƙe tun jiya ya ɓalle mata. Matan suka sāke ɗaga waƙar ba kiɗa, suka kai ta ƙarshe. Habila yana zaune a gaban piyano, hannuwansa a kan cinya, bai iya ɗaga kai ba har aka fita da gawar.

Bayan jana'iza bai koma ɗakin ƙanwarsa ba. Ya aika matarsa da dawa da manja da itace. Ya sa aka nome wa Afiniki gonarta. Amma shi kansa, in zai tafi gona, sai ya zagaya ta bayan makarantar firamare don kada ya bi ta ƙofarta. Matarsa ta ce masa, "Maigida, Afiniki tana tambayarka." Ya ce, "Da wane ido zan dube ta?"

Da aka share makoki, ya ari babur ya tafi ƙarshen gari. Mama Damaris ta riga ta ji duk abin da ya faru. Ba ta yi masa gori ba, ba ta ce ai na faɗa maka ba. Ya ɗauke ta kamar jaririya ya ɗora a bayan babur, ya tuƙa a hankali har majami'a, ya zaunar da ita a kan benci.

Ta ce ya lanƙwasa yatsan tsakiya, ya danna da kan yatsan, ba da tafinsa ba, ya kuma tura hannun gaba kaɗan zuwa inda baƙaƙen maɓallai suke. Ya yi haka. Yatsan ya hau ya zauna daram. Ya danna, sautin nan mai nauyi ya fito, tsab, ba gargada. Ta ce ya yi haka a kan fa. Ya yi. Ta ce ya yi a kan so. Ya yi. Ta hana hannun hagu tsalle, ta ce ya danna ɗaya ya bar shi ya yi ta amo har ya mutu da kansa. Rana ba ta kai ga faɗuwa ba sai da ya iya duka ukun.

Habila ya dubi hannunsa ya daɗe.

"Mama, wannan ne kawai?"

"Shi ne kawai."

"Yatsa ɗaya?"

"Yatsa ɗaya, ɗana."

Ya kifa goshinsa a kan murfin piyanon. Mutumin da ba a taɓa ganin hawayensa ba, ko ranar da aka binne uwarsa, ya yi kuka har kafaɗunsa suna girgiza. Tsohuwar ta ɗora hannu a bayansa ta bar shi ya yi. Da ya lafa sai ta ce, "To, ka tashi ka je wurin ƙanwarka yanzu, da idanun nan naka yadda suke."

"Ba yanzu ba, Mama. Sai na iya waƙar daga farko har ƙarshe. Zan kira ta nan, in kaɗa mata yadda ya kamata, sa'an nan in roƙe ta gafara."

"Ba piyano take bukata ba."

"Da shi na ɓata, da shi zan gyara."

Ta girgiza kai.

Daga ranar, kowace la'asar Habila yana majami'a shi kaɗai. Sauya hannu daga wannan kod zuwa wancan a kan lokaci ya fi danna su wuya. Yakan kai tsakiyar waƙar ya yi tuntuɓe, ya koma farko. In ya kai ƙarshe sai ya ga akwai wurin da bai yi santsi ba, ya ce gobe. Damina ta wuce, ganyen citta ya fara rawaya, yana nan yana gyara. Kullum yana ganin saura kaɗan.

Wata safiya yana gona matarsa ta zo da gudu, ko ɗankwali ba ta ɗaura da kyau ba. Ta ce wata 'yar'uwar marigayi mijin Afiniki ta zo daga wani gari mai nisa a kudu, ta ce ba za ta bar ta ta zauna ita kaɗai a ɗakin nan ba, sun riga sun kwashe kaya sun tafi tasha. Habila ya yar da fartanya. Ya isa tasha da ƙura har gwiwa, ya tarar an gama ɗaure kaya, direba ya ta da mota. Afiniki tana zaune a bakin taga. Ta rame har ya kusa kasa gane ta.

"Afiniki! Na iya waƙar yanzu. Ki sauko ki ji, ko sau ɗaya."

Ta dube shi, ba fushi a fuskarta.

"Na ji ta, Yaya. Kullum da la'asar ina jinta daga ɗakina. Kana farawa, kana tsayawa, kana komawa farko. Ni kuma ina zaune ina kallon ƙofa, ina cewa in ya gama yau zai shigo."

Habila ya kama ƙarfen tagar.

"Abin da ya faru a majami'a, tun a makon na yafe. Na san ba da gangan ka yi ba. Ni dai so nake ka zo ka zauna a kan tabarma, ko ba ka ce komai ba. Kai kaɗai ka rage mini wanda ya san Kezaiya tun tana rarrafe."

"Ki sauko, ƙanwata. Yau zan zo."

"Na riga na ba su magana. Ka gai da gida. Allah ya sāka maka da abin da ka yi mana."

Motar ta ja. Ya bi ta 'yan taku, sa'an nan ya tsaya.

Afiniki ba ta dawo ba. Sukan aika wa juna gaisuwa ta bakin matafiya, yana ta shirin zuwa in aiki ya yi sauƙi. Bayan 'yan shekaru ciwo ya kama ta a can, aka binne ta kafin labari ya iso ƙauyen. Malam Habila ya rayu har ya yi furfura, shi ne kuma yake kaɗawa a kowace jana'iza a yankin. Mutane sukan ce ba wanda ya kai shi iya raka waƙar makoki. In aka faɗa masa haka, sai ya sunkuyar da kai ya wuce.

To, 'yan'uwa, ga abin da misalin nan yake nufi.

Piyanon nan zuciyar mutum ce. Allah ya yi ta da wurin murna, ya kuma yi ta da wurin kuka, dukansu a jikin abu ɗaya, kusa da juna. Mejo shi ne yin farin ciki da ɗan'uwanka ranar bikinsa, wannan kuwa ba ya yi wa yawancinmu wuya. Maina shi ne ka shiga ɗakin da ake kuka, ka zauna, ka bar nauyin ya sauka a kanka kai ma. Mama Damaris ita ce muryar Ruhun Allah, wadda take kiranmu mu koyi wannan tun ana zaman lafiya, tun makokin na maƙwabci ne, kafin ya zama na cikin gidanmu.

Ku lura, Habila ba mugu ba ne. Ya riƙe gwauruwa da marainiya, ya ciyar, ya yi hidima a gidan Allah. Da yawa daga cikinmu ba mu kai shi ba. Har hujjarsa ma tana da kamar ta ibada, cewa gidan Allah gidan murna ne. Mu ma muna da irin tamu. Mukan tarar da wanda zuciyarsa ta karye, mu ce masa, "Kai mai bi ne, daina kuka, ka gode wa Allah." Maganar gaskiya ce, amma a kunnen mai makoki tana iya zama kiɗan aure a kan gawa. In kuwa muka bincika da kyau, sau da yawa ba don shi muke faɗa ba. Don kanmu ne, domin kukansa yana damunmu, muna so ya yi shiru mu samu mu tafi. Ubangijinmu bai yi haka ba. Ya tsaya a bakin kabarin abokinsa, yana sane cewa zai tashe shi, duk da haka sai da ya yi hawaye tare da 'yan'uwan mamacin tukuna.

Amma kuskuren da ya fi cin Habila ba na ranar jana'iza ba ne. Wannan an yafe masa tun bai roƙa ba. Abin da ya raba shi da ƙanwarsa shi ne jiran da ya yi sai ya ƙware. Yana ganin tuba yake yi, alhali girman kai ne ya sāke shigo masa da wata riga: ba ya so ya bayyana a gabanta sai da abin da zai wanke sunansa. Haka wasunmu suke yi da 'yan'uwansu, haka kuma suke yi da Allah. Sai na san abin da zan faɗa. Sai na gyara halina. Sai na samu abin da zan riƙa a hannu. Allah bai ce ka zo da gwaninta ba, mai baƙin ciki ma bai nema a wurinka ba. Karyayyar zuciya, da ƙafar da za ta tako, sun isa.

Kada kowa ya fita daga nan yana cewa Habila ya hallaka. Jinƙan Allah ya fi kuskurensa girma, muna kuma sa zuciya cewa shi da Afiniki za su sadu a inda ba sauran makoki. Amma gafara ba ta dawo da kwanakin da suka wuce. Akwai zaman da in ba a yi shi a lokacinsa ba, ba za a ƙara samun damar yinsa a duniyar nan ba.

Tun da aka fara karanta misalin nan, na san akwai sunan da yake ta zuwa wa waninku a rai. Wataƙila gwauruwa ce da aka daina leƙawa bayan an share makoki. Wataƙila ɗan'uwa ne da ka yi wa magana ba daidai ba a ranar da ya fi bukatarka. Ba ka san abin da za ka ce masa ba, ni ma ban sani ba. Amma yau yana da rai, kai ma kana da rai. In an tashi sujada, abincin rana zai iya jira.